Ranar da saifata ta tashi a kan dutsen Zugspitze

Shekarata huɗu a Munich ban taɓa hawa dutse ba, sai a Fabrairun bana da abokan aiki suka ja ni hutun wasan zamiya a kan ƙanƙara. Zugspitze muka nufa, dutse mafi tsawo a Jamus, mita 2,962. Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse a Najeriya, bai wuce mita 2,419 ba. Motar da ke rataye a igiyar ƙarfe ta ɗauke mu daga bakin tafkin Eibsee, cikin minti goma muna ƙololuwa.

Tsadar hayar takalma da sanduna, da kofin shayin da kuɗinsa zai ciyar da gida guda a Kurna, duk na haɗiye. Wajen azahar, a filin wasan da ke kusan mita 2,600, sai wani ciwo ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya haura har kafaɗa. Numfashi ya gagara, ga amai. Na durƙusa a kan ƙanƙara ina salati.

Masu ceto suka iso da gadon ja, suka sa mini oksijin, aka sauko da ni. A asibitin gindin dutsen ba wanda ya ce a yanki kati, ba wanda ya nemi kuɗin kafin alƙalami, ba a tura kowa kemis sayo safar hannu da sirinji da ledar ƙarin ruwa ba. Katin inshorata ma sai da aka ɗaura mini ruwa aka tambaya. Wallahi ina kwance sai ƙanen mahaifina ya faɗo mini a rai, wanda ya kwana a kan benci a wani asibitin gida yana jiran mu haɗa kuɗin gado. Hawaye suka zubo mini, ma'aikaciyar jinya ta ɗauka ciwon ne.

Likitar, wata dattijuwa, ta dube ni ta ce daga ina asalina. Na ce Arewacin Najeriya. Ta ce akwai sikila a danginmu? Na ce ni AS ne, wato ina ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba na ciwon, lafiyata ƙalau, haka aka faɗa mini lokacin gwajin aure. Hoton ciki ya nuna wani sashe na saifata ya mutu. Ta yi mini bayani da zane: a can sama iska ta yi ƙaranci, ga sanyi, ga gajiya, ga rashin shan ruwa, sai jajayen ƙwayoyin jinin mai AS su lanƙwashe kamar lauje su toshe hanyoyin jinin saifa. Ba kowa yake samu ba, amma sananne ne.

Wannan ya ƙona mini rai. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da AS, amma sai a ƙasar da ciwon baƙo ne na ji wannan bayani. Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, madalla, to amma miƙa wa mutum takarda a ce “kada dai ka auri AS” bai isa ba. A gida da na je da wannan ciwo, na san maganin maleriya da taifod za a fara ɗura mini kafin a ɗauki jini.

Kada ku ɗauka kyauta ce. Kowane wata ana yankar inshora daga albashi, kashi 14.6 cikin ɗari da ɗan ƙari, rabi ni rabi waɗanda nake yi wa aiki, kuma ina jin zafinsa. Kwana biyar na yi, takardar da ta biyo ni gida Yuro 50 ce, goma kowace rana.

Sai dai kwanakin nan biyar sun yi mini tsawo. Abincin dare burodi mai sanyi da cuku da yankan kokwamba, tun biyar na yamma. Ba kunu a fulas, ba farfesu, ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce sannu, Allah ya sa kaffara ne. Abokan aikina sun turo saƙo ɗaya, suka ce ba sa son su dame ni. Dubiya ita ce damuwa?

Inna ce ta riƙa kira bayan kowace sallar asuba. “Ɗan nan, ka ci wani abu mai zafi kuwa?” Na ce mata tukuna, Inna, amma don Allah a kai su Auta a gwada jininsu, kuma a zaunar da su a yi musu bayanin abin da takardar ke nufi.