Kwalin kanasta da na siya: katin ya yi, ɗan littafin ne bai yi ba

Wata biyu kenan da na yi odar kwalin kanasta, wani wasan kati, ta intanet, bayan ƙanwata ta dawo hutu tana ta ba mu labarin wasan. Yanzu kusan kullum bayan isha'i mu huɗu muke zama, biyu biyu, ba kuɗi ake sawa ba, maki kawai ake rubutawa har wani ɓangare ya kai 5000.

Katin dai wallahi ya yi. Guda 108 ne, wato karta biyu masu 52 da joka 4, kuma an buga makin kowanne a gefe, joka 50, lamba biyu da As 20, daga takwas zuwa sarki 10, huɗu zuwa bakwai 5, to ba sai kana ta tambaya ba. Mai santsi ne kamar roba, ranar nan shayi ya zube a kai na goge da tsumma shikenan. Akwai ɗan faranti mai gida biyu, ɗaya na kasuwa ɗaya na wanda aka yar.

Inda suka gaza shine littafin. Shafi guda suka ɓata kan tarihi, cewa a Montevideo ta ƙasar Uruguwai aka ƙirƙiro wasan a 1939 kuma kanasta da Sifaniyanci kwando ne, madalla, amma kalmomin da mutum zai yi wasa da su sai aka jero su da ƙananan rubutu ba misali ko ɗaya. Wanda ya saba da Whot ina zai gane "meld"? Dole muka raɗa namu. Meld muka ce haɗi, kati uku ko fiye masu lamba ɗaya ka shimfiɗa a gabanka. Joka da lamba biyu 'yan ko'ina muke ce musu tunda suna shiga kowane haɗi, amma kar su wuce uku kuma dole a samu na asali aƙalla biyu. In haɗi ya kai bakwai ya zama kwando, tsantsa 500 a ɗora jan kati a sama, gauraye 300 a ɗora baƙi.

Wanda ya fi ba mu wahala shine firiz, mu daskarewa muke cewa. In wani ya yar da ɗan ko'ina a kan tarin katin da aka yar, to ba mai iya kwasa sai yana riƙe da na asali biyu a hannu irin na saman. Sati guda muna yi ba daidai ba saboda littafin layi ɗaya ya yi a kai! Ranar da muka gane, tarin ya taru ya kusa kati talatin, Yaya ya yar da lamba tara yana ganin ba komai, ƙanwata ta yi shiru ta fito da tara biyu ta kwashe duka, kwando biyu ta haɗa a take, Yaya ya riƙe kai kawai yana cewa "ke yarinyar nan ashe ɓoyo kike".

Jan uku, wato jan kati mai lamba uku, kyauta ce 100 kowanne, ka haɗa huɗun 800, amma in zagaye ya ƙare ɓangarenku ba ku sauke haɗi ba cire muku za a yi. Baƙin uku kuma birki, na bayanka ba zai taɓa tarin ba. Sai "in fita?" da kake tambayar abokinka kafin ka ƙarar da katinka, in ya ce a'a dole ka haƙura, wannan nake so sosai don nan ake gane ko kun fahimci juna.

Zan ce a siya, amma a samu wanda ya iya ya zauna da ku daren farko, musamman maganar makin da dole haɗin farko ya kai, wanda yake tashi daga 50 zuwa 90 in kun kai 1500, sannan 120 a 3000, wannan a can ƙasan shafin ƙarshe suka saka shi.