Gargaɗi ga masu sayen faifan rock ta intanet: laƙabin kundi ba shaidar asali ba ne

Jama'a, akwai damfarar da ta daɗe tana cin masu tara tsofaffin fayafayan garmaho a eBay, da rukunonin saye da sayarwa na Facebook, da Instagram. Ta samo kafa ne daga wata al'ada ta mawaƙan rock na Ingila da Amurka: ƙungiya ta fitar da kundi ba tare da ta raɗa masa suna ba, sai dai ta rubuta sunanta kawai a bango. Daga nan magoya baya su nemo masa laƙabi, galibi daga launin bangon ko hoton da ke jiki. Laƙabin nan ba a rubuce yake a faifai ba, ba ya cikin takardun kamfani, don haka ba ya ɗaure kowa. Nan ɗan damfara ke fakewa.

Kundin da The Beatles suka fitar ranar 22 ga Nuwamba 1968 sunansa na ainihi The Beatles, amma duniya ta san shi da White Album saboda bangonsa fari fat ne. Na Metallica na 1991 sunansa Metallica, ana ce masa Black Album. Weezer sun fitar da kundi shida duk da sunan Weezer, launi kawai ke raba su: shuɗi a 1994, kore a 2001, ja a 2008, fari a 2016, sai biyu a 2019. Kundin Peter Gabriel huɗu na farko a Ingila duk sunansa suke ɗauke da shi, masoya ne suka kira ukun farko Car, Scratch da Melt. Na huɗun Led Zeppelin kuwa, na 1971, ko sunan ƙungiyar babu a bangonsa. Wasu su ce IV, wasu Four Symbols, wasu Zoso.

Hanya mafi sauƙi ita ce musanya. Fleetwood Mac suna da kundi biyu masu suna Fleetwood Mac. Na 1968, zamanin Peter Green, ya fito a kamfanin Blue Horizon, da hoton kwandon shara da kare a lungu. Na 1975 ya fito a Reprise, an buga miliyoyinsa, kuma ana samunsa da arha. Mai talla zai rubuta "Fleetwood Mac, mai sunan ƙungiya, bugun farko", ya sa farashin na 1968, ya aiko na 1975. Idan ka kai ƙara sai ya ce ai bai yi ƙarya ba, shi ma bugun farkon nasa ne. Haka ake yi da Black Album. Bayan na Metallica akwai na The Damned na 1980, da na Jay-Z na 2003, da na Prince wanda aka janye a Disambar 1987 dab da fitowarsa. Na Prince ɗin yana cikin fayafayan da aka fi buga jabunsu a tarihi, kuma wani kwafi na gaske bugun Kanada ya kai dala 27,500 a shafin cinikin fayafayai na Discogs a 2018. Duk wanda ya kawo maka bugun 1987 ɗin a farashin banza, jabu ne ya riƙe.

Amma inda ake tafka asara mai yawa shi ne White Album, don haka a nan za mu tsaya.

Mai zane Richard Hamilton ne ya tsara bangon. An danna sunan ƙungiyar ya kumburo daga kwalin ba tare da tawada ba, aka kuma buga wa kowane kwafi na farko-farko lamba a ƙasa ta dama. Masu tarawa suna bin ƙaramar lamba, musamman tun Disambar 2015 da aka sayar da kwafin Ringo Starr, mai ganga na The Beatles, mai lamba 0000001 a kan dala 790,000 a gwanjon Julien's. Abin da macuta ke yi shi ne su sayi bangon bugun baya wanda ba shi da lamba, su samo hatimin lamba irin na ofis, su buga masa ƙaramar lamba. Wasu ma su goge babbar lamba su sake bugawa. Idan an goge, wurin yakan rasa sheƙinsa, kuma hasken tocila da aka karkato daga gefe yana tona shi. Shi ya sa ba sa yarda su ɗauki hoton wurin sai daga gaba, cikin haske mai yawa da ke wanke komai.

Ko lambar gaskiya ce, ba ta isa hujja ba. Masana'antu daban-daban sun buga lambobinsu a ƙasashe daban-daban, don haka ana samun kwafi biyu masu lamba ɗaya. Ƙari a kan haka, bugun mono (mai sauti ta hanya ɗaya) da kamfani ya sake fitarwa a 2014 shi ma yana da lamba, an kuma kwaikwayi tsohon bangon sosai. Wannan halastaccen kaya ne mai kyau, sai dai ba na 1968 ba ne, kuma akwai masu ɗan tsufar da shi su sayar da shi a matsayin tsoho.

Ga abin da bugun farko na Ingila yake ɗauke da shi. Bakin bangon ta sama yake buɗewa, ba ta gefe ba. Rigunan ciki baƙaƙe ne. Akwai babbar fosta a naɗe mai baitoci a bayanta, da hotunan 'yan ƙungiyar huɗu kowa da nasa. Faifai biyu ne, waƙa 30, a ƙarƙashin tambarin kamfanin faifai na Apple Records. Lambar kamfani PMC 7067/8 ce ga mono, PCS 7067/8 ga sitiriyo (mai sauti ta hanya biyu, hagu da dama). Na Amurka lambarsa SWBO-101, kuma sitiriyo kaɗai aka fitar a can. To idan mai talla ya ce yana da "mono na asali bugun Amurka na 1968", magana ta ƙare, ka wuce. Haka wanda ya nuna maka faifai mai farar roba ya ce shi ya sa ake ce masa White Album. Na 1968 baƙi ne kamar sauran fayafayai, masu farar roba sai wajen 1978 suka fito.

Hujja mafi ƙarfi tana jikin robar kanta. Tsakanin inda waƙar ƙarshe ta ƙare da takardar tsakiya akwai ɗan fili mai santsi. Idan ka karkata faifan wajen fitila za ka ga ƙananan haruffa da lambobi a danne ko a karce. Masu sana'ar suna ce musu matrix. A bugun Ingila na mono suna farawa da XEX 709 zuwa 712, ɗaya a kowace fuska, a sitiriyo kuma YEX da lambobin nan dai. Lambar da ke bin su a baya tana nuna karo na nawa aka yanka uwar faifan, kuma -1 shi ne yankan farko. Ɗan damfara zai iya sake bango, zai iya buga hatimi, amma wannan tun daga masana'anta yake fitowa. Saboda haka akwai wata dabara da ya kamata a kula da ita: a haɗa tsohon bango na gaske da faifan bugun baya, ko faifai ɗaya tsoho ɗaya sabo. Ka nemi hoton fuskoki huɗun duka, kada ka yarda da ɗaya.

Led Zeppelin suna da nasu tarkon. Kundinsu na farko na 1969, mai sunan ƙungiya, ya fara fitowa a Ingila da rubutu mai launin shuɗi-kore kafin a mayar da shi ruwan lemo. Na farkon kaɗan ne, yana da tsada, kuma an buga bangonsa na jabu da yawa. Na huɗun kuma bugun farkonsa na Ingila yana da takardar tsakiya ja da shunayya ta kamfanin Atlantic, lamba 2401012. Mai takarda kore da ruwan lemo, lamba K50008, daga baya ya zo. Wani abu mai sauƙi da ya shafi dukkansu: layukan farashi da na'urar kanti ke karantawa ba su hau bangon faifai ba sai wajen ƙarshen shekarun 1970. Ka gan su a bayan kundin da aka ce na 1968 ne ko 1971, ba sai ka duba komai ba kuma.

Akwai kuma wanda ba shi da faifan ma sam. Ya kwaso hotuna daga tsohon gwanjo ya liƙa. Ka saka hoton a Google Lens, sau da yawa za ka tarar da shi a shafin wani tun shekarun baya. Sannan ka ce masa ya rubuta kwanan watan yau da sunanka a takarda, ya ajiye ta kusa da lambar bangon ya ɗauka. Mai kaya na gaske minti biyar ya ishe shi. Macuci zai ce kayan na ma'ajiya, ko yana kan tafiya, ko akwai wani mai saye da ke jira ka yi sauri.

Kafin ka tura ko sisi, sa shi ya rubuta maka a saƙo: sunan kundi na ainihi, shekara, ƙasar bugu, kamfani, lambar kamfani da matrix. Ka kai su Discogs, inda kowane bugu yake da shafinsa da hotunansa, ka gwada harafi da harafi. Don sanin farashi, duba abin da aka riga aka sayar a Popsike ko a tarihin cinikin Discogs, kada ka dubi abin da masu talla ke nema. Wannan rubutaccen bayanin shi ne makaminka idan kaya ya zo ba daidai ba, domin "ya ce mini White Album ne" ba ta cin shari'a, alhali "ya rubuta PMC 7067/8, ya aiko bugun 2014" tana ci.

Wajen biya, a PayPal ka zaɓi ɓangaren kaya da hidima, wanda ke ba ka damar shigar da ƙorafi. Idan ya ce ka bi ta ɓangaren 'yan'uwa da abokai don a kauce wa caji, ka sani kariyar ce yake so ya raba ka da ita. Tura kuɗi kai tsaye ta banki, ko Western Union, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto, duk da wuya su dawo. Ranar da kunshin ya iso, ka kunna bidiyo tun kafin ka yanka salatif, ka nuna takardar aike, ka zaro faifan, ka karanta matrix ɗin kowace fuska a gaban kyamara.