Na'urar Auna Yanayi ta Gida a Hunturun Katsina: Tana Aiki, Amma Sai da Mai Kula

Na'urar da nake son yin magana a kanta ƙaramar tashar auna yanayi ce, irin wadda ake ɗaurawa a kan sanda a saman gida, kuma na saye ta ne a wani shagon kayan sola da ke cikin birnin Katsina domin ɗaliban da nake koya wa labarin ƙasa. Kashi biyu ce. Akwai kan da ke zama a waje, wanda ke ɗauke da kofuna uku masu juyawa don auna ƙarfin iska, da kibiyar da ke nuna inda iskar ta fito, da mazurarin tara ruwan sama, da wasu fararen faifai da aka jera don su kare ma'aunin zafi da na laima daga rana, sai ɗan ƙaramin allon sola da gurbin batir. Sannan akwai allon da ake ajiyewa a ɗaki, wanda ke karɓar saƙo daga waje ba tare da waya ba, yana kuma iya tura alƙaluman zuwa wayar hannu ta intanet. Na yi aiki da ita tun daga ƙarshen damina har hunturu ya yi nisa, kuma hukuncina shi ne cewa kaya ce mai amfani matuƙa, amma maganar da ke jikin kwalinta, wato wai tana aiki ita kaɗai ba tare da sa hannun mutum ba, ba gaskiya ba ce a ƙasarmu.

Haɗa ta ba wuya, domin duk wanda ya iya riƙe sukuddireba zai gama cikin ɗan lokaci. Wahalar tana wajen zaɓar inda za a kafa ta. Ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ita ce a auna iska a tsayin mita 10 a fili, a kuma auna zafi tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, alhali wannan na'ura ta haɗa ma'aunan biyu a jiki ɗaya, don haka dole ɗaya ya cutu. Idan aka ɗaura ta dab da rufin kwano, zafin da kwanon ke mayarwa da rana zai ƙara mata digiri. Idan aka sauko da ita tsakar gida, katanga da itacen bedi za su tare iska. Mai shagon ya faɗa mini wannan tun kafin in biya, ya ce, "Malam, ka sa mai walda ya yi maka doguwar sanda, in ba haka ba zafin kwanonka za ka riƙa aunawa," kuma na yaba masa da wannan gaskiya, domin ba kowane ɗan kasuwa ke faɗin aibin hajarsa ba.

Inda ta fi burge ni shi ne auna zafi da laima. Da hunturu ya kankama, allon yakan nuna yadda sanyi ke kai maƙura gab da fitowar rana, sannan zafi ya hau da sauri zuwa azahar, yayin da laimar iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana tsaka. Ɗalibin da ya ga wannan adadi da idonsa ba ya bukatar dogon bayani kan abin da ya sa leɓensa ke tsagewa, ko abin da ya sa gobara ke saurin cin kasuwa a wannan lokaci. Manomin rani a Jibiya ko Ajiwa, wanda alkamarsa ke son sanyin dare, zai amfana da tarihin da na'urar ke adanawa, domin zai san lokacin da sanyi ya fara ja da baya ba tare da dogara ga zato ba.

Matsalar ita ce ƙura. Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake, inda busasshen gindin tsohon tafki ya bar gari mai laushi ƙwarai, wanda babu kafar da ba ya shiga. Bayan an sha buji na wasu kwanaki, na lura kofunan iska sun daina juyawa idan iskar ba ta da ƙarfi, allon sola ya rufe har batir ya fara ɗaukar nauyin aikin duka, mazurarin ruwa kuma ya cika da ƙura da busasshen ganye. Abin da ya fi damuna shi ne, a duk wannan hali na'urar ba ta nuna wata alamar cewa akwai matsala. Tana ci gaba da rubuta adadi a allo da cikakken tabbaci, mai karantawa kuma ya ɗauka iska ce ta kwanta, alhali bakin kofunan ne ya cije.

Wannan ba aibin na'ura mai araha kaɗai ba ne, kuma misalin da nake ba ɗalibaina shi ne tashar auna yanayi da ke ƙololuwar Dutsen Washington a jihar New Hampshire ta Amurka, mai tsayin mita 1,917. An kafa tashar a 1932, kuma a can ne ranar 12 ga Afrilun 1934 ma'aikata suka auna iska mai gudun kilomita 372 a sa'a, adadin da ya zauna a matsayin mafi girma da aka auna a doron ƙasa har zuwa 1996, lokacin da wata guguwa ta zarce shi a tsibirin Barrow na Ostiraliya. A watan Fabrairun 2023 zafin iska a can ya sauka zuwa kimanin digiri 44 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma da aka haɗa da ƙarfin iskar, sanyin da jiki ke ji ya kai kimanin digiri 78 ƙasa da sifili. Kayan aikinsu sun fi nawa tsada nesa ba kusa ba, har da ma'aunin iska mai ɗumama kansa, amma duk da haka tashar ba ta rabuwa da mutane dare da rana.

Dalilin shi ne wata irin ƙanƙara da hazo ke haifarwa. Ƙololuwar dutsen takan shafe fiye da rabin shekara a cikin gajimare, kuma a lokacin sanyi ɗigon ruwan da ke cikin gajimaren yakan daskare nan take da zarar ya taɓa ƙarfe ko bango, sai ya riƙa taruwa yana tsiro ta ɓangaren da iska ke fitowa har ya lulluɓe ma'aunan. Saboda haka ma'aikaci yakan sa kayan sanyi ya hau hasumiya cikin guguwa, ya farfasa ƙanƙarar da sandar ƙarfe, wani lokaci kowace sa'a. Suna raba aiki tsakanin masu rana da masu dare, kowace sa'a ana fita a duba sama, a ƙiyasta nisan da ido ke iya gani, a auna zafi da hannu don a gwada da abin da na'ura ta faɗa. Ayari ɗaya yakan kwana kimanin mako a sama, a can suke ci suke barci, ana yin canji ranar Laraba da wata mota mai tafiya a kan dusar ƙanƙara, kuma idan guguwa ta tsananta sai a ɗaga canjin, waɗanda ke sama su ci gaba da aiki. Ina girmama waɗannan mutane ƙwarai, domin amincin tarihin yanayin da suka tara na fiye da shekara 90 ya rataya ne a kan wannan fita ta kowace sa'a.

Abin da ƙanƙara ke yi musu, shi ƙura ke yi mana, sai dai namu aikin ya fi sauƙi ƙwarai. Da na tsara wa ɗalibai juyi na goge allon sola da tsumma mai laushi, da busa ƙurar kofuna, da wanke mazurari, sai alƙaluman iska suka dawo daidai da abin da ake gani a jikin itatuwa. Wannan ya sa tsayin sanda ya zama abin lura, domin sandar da ba a iya saukewa ba za a riƙa tsabtace abin da ke kanta ba; gara a yi ta mai gaɓa da za a iya kwantar da ita.

Akwai abubuwa biyu da na'urar ba ta iya yi, kuma ya kamata mai saye ya sani. Ba ta auna hazo ko kaɗan, alhali a hunturunmu nisan gani shi ne babban labari ga direban da zai kama hanyar Daura ko ta Kano da asuba, da mai ciwon asma, da jirgin da ke son sauka. Mun cike wannan giɓi da irin dabarar ma'aikatan tashoshi, wato zaɓar alamomin da muka san nisansu, kamar wata hasumiyar masallaci da wani ƙarfen sadarwa, muna rubuta wanda ake gani da wanda ya ɓace kowace safiya. Na biyu shi ne ɗan hoton hasashe da ke kusurwar allo, wanda kan nuna gajimare da ruwa a tsakiyar Janairu. Hoton yana bin saukar matsin iska ne, wato nauyin da iskar sama ke danna ƙasa da shi, wanda a ƙasashen Turai kan nuna zuwan hadari, amma a yankinmu matsin yana hawa yana sauka sau biyu kowace rana bisa al'ada, ko da sama wasai take. Wanda ke son hasashe ya saurari na hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, wadda ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara tare da gargaɗin hazo a lokacinsa, ya bar wa wannan na'ura aikin auna abin da ke faruwa a gidansa.

Allon ɗaki yana riƙe alƙaluma da batir idan an ɗauke wuta, amma turawa zuwa waya takan tsaya, don haka sai an haɗa shi da sola ko a yarda da giɓi a tarihin. Takardar bayani da ƙananan haruffan Turanci take, babu Hausa a ciki, kuma ban sami kayan gyara a shagon ba, ko da kofunan iska ne, waɗanda roba ce kuma su ne suka fi fuskantar rana da ƙura. Ina ba makarantu da ƙungiyoyin manoman rani shawarar su saya, muddin sun ware mutum ɗaya da aka san shi ne zai riƙa sauke sandar yana sharewa, kuma kafin a biya a nemi mai shago ya yi odar kofuna da ma'aunin laima na ajiya tare da na'urar, a rubuta hakan a jikin rasit.