Ɗan karas ɗin Garrett: wata takwas yana ɗamarata

Aikina bin masu awon fili ne, ni ke tono turakun iyaka da ƙasa ta binne. A Rigachikun ko Millennium City, nan gefen garin Kaduna, damina biyu ta isa ta rufe turken siminti ruf, sai a zo ana nuna wa juna yatsa, kowa na cewa maƙwabci ya ci masa taku uku. Sa'armu ɗaya, akwai guntun rodi ko ƙusa a tsakiyar turken, shi na'urar gano ƙarfe ke ji.

Babbar na'urata ta hannu ce, mai faifai a ƙasa. Yadda aka koya min: ka kaɗa faifan hagu da dama, ka lura da inda kukan ya fi ƙarfi, sannan ka koma ta gefe ka sake kaɗawa, inda layukan biyu suka gicciye, nan za ka sa diga. Dabarar tana ci. Sai dai jar ƙasarmu mai marmara cike take da sinadarin ƙarfe, tana rikita na'ura. Na sha haƙa rami har gwiwa, ashe abin yana maƙale a bangon ramin, na wuce shi da ɗan yatsa biyu.

Wannan wahalar ce ta sa na sayi Garrett Pro-Pointer AT, ƴar ƙaramar sanda ruwan lemo da ake yi wa laƙabi da karas, ƙirar wani kamfani a jihar Texas ta Amurka. Maɓalli ɗaya gare ta, batir ɗaya mai bolt 9. Kana kusantar ƙarfe kukanta da karkarwarta na ƙara sauri, har su haɗe. Ba bakinta kaɗai ke ji ba, har gefenta, don haka sai ka goga ta a bangon rami ka zagaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne saita ta. In ƙasa na sa ta surutu, ka dafa bakinta a ƙasar kafin ka kunna, sai ta yi tsit. In kuma tana kuka ko'ina a ramin, ka danna maɓallin sau ɗaya kusa da abin, jinta ya tsuke zuwa wuri guda.

Ran nan a Rigachikun, dattawa biyu na tsaye a kaina, ɗaya riƙe da takardar KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna. Ramin farko murfin kwalba, na biyu tsohon kwabo mai huji, wanda na jefa aljihu. A na uku karas ta ɗau rawa a kusurwar gabas, na kankare da wuƙa, sai ga kan rodi ya yi tsatsa. Ɗaya ya ce, "Alhaji, ka gani ko?" Alhaji ya gyara hula, bai ce uffan ba.

Masu tambayata ko za ta nuna musu zinariya a Birnin Gwari, a'a. Jinta bai wuce ƴan inci ba, abokiyar babbar na'ura ce.

A yi hattara da jabu. Ta farko da na saya a wani shago cikin gari, da araha, yayyafi ɗaya ya kashe ta. Ta gaskiyar nakan wanke mata laka a bokiti in mayar kube.