Tayil, siminti ko tarazo? Kafin ka rufe ƙasan ɗaki a Zariya

Ƙanena ya kammala ciki biyu da falo a wajen Ɗan Magaji, sai ya kira ni in raka shi Sabon Gari mu zaɓi tayil. Shigarmu shago ke nan idonsa ya faɗa kan wani fari sol mai ƙyalli, irin wanda kake ganin fuskarka a ciki. Mai shago ya ce, "Alhaji, wannan ake yayi yanzu." Na ce, "Malam, taimaka mini da ruwa a kofi." Na zuba a kai, na ce wa ƙanen nawa ya tuɓe takalmi ya taka. Da ƙyar ya dafe kanta. Na tuna masa cewa Hajiya za ta riƙa kwana a gidan nan, kuma sau biyar a rana take fitowa daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa.

Mu a ƙasa muke rayuwa. A nan ake cin tuwo, a nan ake salla, a nan yara ke rarrafe, baƙi kuma a nan ake yi musu shimfiɗa. Saboda haka abin da ke burge ido a shago ba shi ne ma'auni ba. Ƙasan ɗaki a garin nan abu uku ke jarraba shi: ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, danshin da ke tasowa daga ƙasa a Agusta, da kuma ruwan da muke zubarwa da kanmu.

Kakanninmu sun san wannan. Daɓen da mata ke taruwa su yi da tsakuwa da makuba, suna buga madaɓi suna waƙa, ba ya santsi, ba ya sanyin da ke shiga ƙashi a watan Janairu. Sai dai yau masu iya shi sun yi ƙaranci, kuma yana son kulawa a kai a kai. Magajinsa shi ne sulɓin siminti, wanda har yanzu ya fi kowane araha. Aibinsa biyu ne: tsagewa da fitar da gari. Dukansu kuwa daga hannun ma'aikaci suke fitowa. In an yi kwaɓi awo ɗaya na siminti da uku na yashi mai tsabta, aka kuma yi ta ba shi ruwa har kwana 7, zai daɗe. In an ƙara yashi don buhu ya yi auki, ko aka yi aikin cikin iskar hunturu aka bar shi ya bushe a yini guda, kafin shekara tsintsiya za ta fara kwaso shi. Wanda kuɗinsa ya ƙare a rufi, kada ya ji kunyar siminti. In an yi shi daidai, daga baya a kansa za a ɗora tayil.

Leda kuwa ta ɗan haya ce da ɗakin amarya. Ana saye da yadi, a shimfiɗa yau, a naɗe ranar tashi. Ƙafar gado na yaga ta, kuma in ƙasan na da danshi sai ta riƙe shi. Ka ɗaga ta a ƙarshen damina ka tarar da baƙin jirwaye da wari. Kafet ɗin da ake mannewa bango zuwa bango ban ba kowa shawararsa a Zariya ba. Duk ƙurar da hunturu ya kawo a cikinsa take kwana, mai asma ko yawan mura shi zai gaya maka. Darduma da za a iya ɗagawa a kaɗe a rana ta fi shi sau goma.

Tarazo ina jin haushin yadda aka yi watsi da shi. Shiga tsofaffin gine-ginen makarantu da asibitocin garin nan na shekarun 1960 da 1970, za ka ga ƙasan da dubban ƙafafu suka taka yana nan daram. Tsakuwar farin dutse ce ake kwaɓawa da siminti, a raba filin gida-gida da siraran layuka don kada ya tsage, sannan a goge da inji. Ba shi da ramukan da datti ke maƙalewa kamar tsakanin tayil, in ya dushe kuma sake gogewa kawai ake yi. Wahalarsa ita ce aikin na cin ruwa da wuta, yana ɓata gida da caɓi, masu gwanintarsa kuma yawanci sun manyanta. Ga zaure, baranda ko doguwar hanyar cikin gida mai jama'a, in ka sami ma'aikaci na ƙwarai wanda ka ga aikinsa da idonka, ni tarazo zan ce.

To amma yawancinmu tayil za mu saya, don haka bari mu zauna a kansa. Kala biyu ne manya. Akwai siramik, wanda bayansa ke shan ruwa, ya fi sauƙin yanka da sauƙin kuɗi. Akwai fosilen, wanda aka gasa da wuta mai tsanani har ruwan da yake sha bai kai kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba. Ya fi nauyi, ya fi jure taku. Ba sai ka dogara da bakin mai shago ba. Juya tayil ɗin ka ɗiga ruwa a bayansa: in ya shanye nan take siramik ne, in ruwan ya tsaya fosilen ne. Ƙwanƙwasa shi da makulli. Mai kyau ƙara yake yi kamar faranti, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarsa a dushe take. Sannan ɗauki biyu ka haɗa su fuska da fuska. In suna rawa ko haske na ratsa tsakaninsu, a lanƙwashe suke, kuma ko wane gwani ne ya sa su sai gefe ya ɗaga ya riƙa tuntuɓe da mutane.

Maganar na waje da na gida ta rage ƙarfi. Ana yin tayil a masana'antu a jihohin Ogun da Kogi, kuma mai daraja ta ɗaya a cikinsu ya wadatar da ɗakin kwana da falo. Na Sifen da Italiya suna da kyau, amma ba duk kwalin da aka rubuta wa sunan ƙasar ne ya fito daga can ba. Dubi tambarin da ke bayan tayil ɗin kansa. Abin da ya fi damuna shi ne daraja ta biyu da ake cusawa cikin ta ɗaya. Ka sa a buɗe kwali uku daga wurare daban-daban a gabanka, ka kuma duba lambar launi da ke jikin kowane kwali ta zama iri ɗaya. Fari da fari ma suna bambanta in ba gashi ɗaya ba ne, kuma ba za ka gani ba sai an shimfiɗa rana ta haska.

Ga lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13.4 ne. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama kusan 15. Tayil mai santimita 40 da 40 yawanci guda 12 ne a kwali, wato murabba'in mita 1.92, ka ga kwali 8 ke nan. Mai 60 da 60 guda 4 ne, murabba'in mita 1.44, sai kwali 11. Wanda zai zagaye gindin bango lissafinsa daban. Babban tayil ya fi kyan gani a falo, amma yana son ƙasa da aka daidaita ba tudu ba kwari, kuma a ƙaramin banɗaki ɓarna ce, don ba ya yarda a karkata shi ruwa ya gangara. Can ƙarami mai kaushi ake so. Shi kuma fosilen, tunda ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama shi sosai; a sa gam ɗin tayil. Siramik in da siminti za a sa, a jiƙa shi tukuna. Bayan an gama, bi ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa kafin ka biya cikon kuɗi. Wanda ya yi ƙarar ganga, ƙarƙashinsa rami ne, ranar da aka ajiye tukunyar gas a kai zai fashe.

Launi? Jar ƙasarmu ba ta ragawa fari. Fari sol da baƙi wuluk dukansu suna tona asirin ƙura awa ɗaya bayan shara. Ruwan ƙasa, ruwan toka, ko mai ɗigo-ɗigo su ne abokan uwargida. Abin cike tsakani ma kada a sa fari. Sanyin tayil kuma ni'ima ne a Maris da Afrilu, azaba ne a Disamba, don haka sa kuɗin darduma cikin lissafi tun yanzu.

Tsakar gida ba a yi mata tayil mai sulɓi, ko kaɗan. Wasu na shimfiɗa fasassun tayil, yana da araha da kyan gani in an iya jerawa, amma a bar wa turmi wurinsa, domin daka na kwance shi. Intalok, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa, ya fi burge ni: ruwan sama na bi ta tsakaninsa, kuma ranar da fayif ya fashe a ƙasa sai a ɗaga 'yan guda a gyara a mayar. Ciyawa da tururuwa ne kuɗin da za ka riƙa biya.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke kwance ƙarƙashin tayil, inda na sha tawa. Shekarun baya na gyara banɗakin gidanmu, na kashe kuɗi a tayil, na bar wa mai aikin famfo ya sayo fayif da kansa. Ya kawo siriri marar kauri, ya haɗa da gam kaɗan, aka rufe ba a gwada ba. Wata huɗu fenti ya fara kumbura a ɗakin Inna da ke jikin bangon. Sai da aka farfasa rabin tayil kafin a gano gwiwa ɗaya mai ɗiga, kalar kuma ta ƙare a kasuwa. Har yau banɗakin nan launi biyu ne.

Fayif uku ne za a nuna maka. Na ƙarfe shi ne na iyayenmu. Yana jure duka da rana, amma tsatsa na cin sa daga ciki har ya toshe, ruwa ya riƙa fitowa ja da safe. Yanzu sai dai a wurin da awaki ko yara za su iya karya na roba. PVC shi ne na kowa: ba ya tsatsa, ana haɗa shi da gam, kowane mai gyara ya iya shi. Amma ba ya son ruwan zafi, rana kuma na gasa shi har ya riƙa karyewa kamar kara, don haka wanda zai hau tanki a shafa masa fenti ko a rufe shi. Kula kuma, na kai ruwa daban, na zubar da ƙazanta daban. Na ƙazantar bangonsa siriri ne, ba ya ɗaukar matsi. Na uku shi ne PPR, koren nan. Ba gam ake sa masa ba, inji ke narka bakinsa da zafin da ya kai digiri 260 a haɗe su zama abu ɗaya. Yana ɗaukar ruwan zafi da na sanyi, a jikinsa kuma ana rubuta ƙarfinsa. Na ruwan zafi nemi mai PN20. Ya fi tsada, yana son wuta ko janareta ranar aiki, kuma ma'aikacin da ya bar shi ya narke fiye da kima zai tsuke hanyar ruwan daga ciki ba ka sani ba. Duk da haka, abin da za a binne a bango ko ƙarƙashin tayil, ni PPR nake saya. Wanda ke fili inda ido ke gani, PVC mai kauri ya isa.

Masu gidajen ƙasa a cikin Birni, ku ba binnewa ne naku ba. Ɗigo ɗaya da bulo zai jure shekara, katangar ƙasa narkewa za ta yi. A bi da fayif ta waje, a ɗaure shi nesa da gindin gini. Muni ne a ido, amma gara haka.

Masai ma zaɓi ne, kuma ruwa ke yanke hukunci. Na zama yana zubar da lita 6 zuwa 9 duk dannawa. Gida mai mutum 10, kowa ya shiga sau 4, lita 240 ke nan a ƙalla, kusan jarka 10 ta 'yan garuwa a yini. A unguwar da famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, na tsugunno da buta ya fi dacewa da yara da baƙi, a ajiye na zama ɗaya saboda tsofaffi masu ciwon gwiwa. Fayif ɗinsa inci 4 ne, a ba shi gangara kamar santimita 2.5 a kowace mita. Sokawe kuma a nesanta shi da rijiya, in fili ya ba da dama mita 30, kada dai ya gaza 15.

Ranar da mai aikin famfo ya ce ya gama, kada mai tayil ya shigo tukuna. A toshe duk bakunan, a cika tanki, a bar ruwa cikin fayif kwana biyu kana bin kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Kowane banɗaki a ba shi makunninsa a waje, don gyaran ɗaya kada ya hana gida ruwa. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da ƙasa da wayarka, da tef ɗin awo a jiki, domin ranar da kafinta zai kafa ƙusar madubi ka san inda ruwa ya bi.

Ƙanena dai ya bar farin nan mai ƙyalli, ya ɗauki ruwan toka mai ɗan kaushi, ya ƙara kwali ɗaya a kan lissafi. Yana nan ƙarƙashin gadonsa ba a buɗe ba.