Lasisin tarayya ko na jiha: yadda bankin Amurka ke sauya sheƙa

Ɗan'uwa, ka tambayi bambancin lasisin tarayya da na jiha a Amurka, da abin da hukumar jiha ke dubawa idan banki ya nemi komawa hannunta. Kada ka auna da Najeriya, inda CBN kaɗai ke ba da lasisi. Can hanya biyu ce tun 1863.

Banki mai lasisin tarayya, OCC, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da irin waɗannan bankuna, ce ke sa masa ido, sau biyu a shekara yake biyan ta kuɗin sa ido, kuma dole ya zama mamban babban bankin ƙasa, Federal Reserve. Na jiha kuwa iyayen gida biyu gare shi: hukumar jiharsa, sai FDIC (hukumar inshorar ajiyar kuɗi ta tarayya) ko Federal Reserve, galibi suna karɓa-karɓa wajen bincike. Duk da haka ƙananan bankuna kan ga kuɗin jiha ya fi sauƙi, ga kwamishinan bankunan jiha kusa. Bankin Frost na Texas ya yi ƙaura daga lasisin tarayya zuwa na jiha a 2012.

Inda na tarayya ya yi zarra shi ne dokokin jihohi da dama ba sa hawa kansa, abin da ke da amfani ga mai rassa a jihohi barkatai. Iyakar bashin da zai ba mutum guda kashi 15 cikin ɗari na jarinsa ce, da ƙarin kashi 10 idan akwai jingina mai saurin sayuwa. Kowace jiha kuwa da tata iyakar.

Kafin ƙaura, sai masu kashi biyu cikin uku na hannun jari sun amince, bayan an buga sanarwar taro a jarida mako huɗu a jere. Wanda ya ƙi yana da haƙƙin a biya shi darajar hannun jarinsa.

Daga nan jiha kan turo masu bincike. Suna duba ƙarfin jari, lafiyar basussuka, ƙwarewar shugabanni, riba da kuɗin hannu, su nemi rahotannin OCC na baya. A ma'aunin lafiyar banki da ake kira CAMELS, mai maki 1 (mafi kyau) zuwa 5, mai 1 ko 2 ne ke wucewa ba gardama.

Nan ake tuntuɓe. Sashe na 612 na dokar Dodd-Frank ta 2010 ya hana bankin da ke ƙarƙashin umarnin gyara kan babbar matsala ya sauya lasisi, sai an miƙa wa OCC tsarin gyaran, kwana 30 sun wuce ba ta ƙi ba. Da ma an yi shi ne don masu gudun mai bincike mai tsanani. Akwai kuma tsohon bashin da ya haura iyakar jiha, ko wata harka da dokar jihar ba ta yarda da ita ba; sai a nemi wa'adi ko a rabu da ita. Kalmar "National" ma dole ta fita daga suna, ke nan allo, takardu da katuna duk sai an sake.

A ganina, bankin da kasuwarsa ke jiha ɗaya ƙaurar za ta biya shi. Mai rassa a jihohi da yawa gara ya zauna da OCC.