Gargaɗi: Babu jirgin ƙasa na liyafa daga Madina zuwa Al-Ula

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Madina da Makka da Jidda, da masu shirin zuwa Umara. Akwai wani mutum da ke shiga zaurukan WhatsApp na Hausawa yana tallar abin da ya kira "tafiyar alfarma". Wai za a hau jirgin ƙasa na ƙasaita daga Madina bayan La'asar, a ci abincin dare a ciki, a kwana a Al-Ula, garin kayan tarihi da ke arewa da Madina, a dawo washegari. Don Allah kada wanda ya tura masa ko riyal ɗaya. Ya ci kuɗina, ba na so ya ci na wani.

Gwaggona ce ta zo Umara tare da ƙawayenta uku. Kwana biyu da isowarsu Madina ta kira ni shagon dabinon da nake aiki, murya cike da murna. "Ɗana, duba abin da aka turo mana. Kafin mu koma gida ina so mu ga wannan." Bidiyo ne na cikin jirgi: darduma har bango, fitilu masu ruwan zinare, tebura an jera faranti da cokula, ga rairayin hamada ta taga. Ƙarƙashinsa akwai saƙon murya da Hausa tsantsa, mai sallama da addu'a, yana cewa riyal 900 ne kowane mutum, kujera shida kacal ta rage, a ba da kafin alƙalami riyal 400 kafin Isha. Na kira shi. Ya gaishe ni kamar mun daɗe da sanin juna, ya ce Hajiya ai uwa ce a gare shi, zai sa ta kusa da taga. Na tura riyal 1,600 na mutum huɗu. Sunan da ya fito a kan asusun na mutum ne, ba na kamfani ba. Na gani, zuciyata ta ɗan tsaya, amma na danne saboda ba na so in ɓata wa Gwaggo rai.

Ya turo tikiti mai tambari da lambar da ake haskawa a ƙofa. Ranar tafiya muka isa tashar Haramain, jirgin ƙasa mai sauri na Madina zuwa Makka, tun kafin La'asar, tsofaffin nan sun sha ado, kowacce da ƙaramar jakarta. Ma'aikacin ƙofa ya haska tikitin, na'ura ba ta karɓa ba. Ya sake, shiru. Da na gaya masa inda za mu, sai ya dube ni da tausayi, ya ce jiragen tashar nan kudu kawai suke nufa: Rabig, Jidda, Makka. Na kira lambar mutumin, a kashe. Muka zauna har aka kira Magariba. Gwaggo ba ta ce min komai ba sai "Allah ya isa", a hankali, sau ɗaya. Wannan ya fi kuɗin yi min ciwo.

Abin da ya kamata in tuna tun farko, ni da na daɗe a garin nan, shi ne babu jirgin ƙasa da ke zuwa Al-Ula. Layin da ya taɓa bi ta can shi ne tsohon layin Hijaz, wanda Turkawa suka shimfiɗa daga Dimashƙa, ya iso Madina a 1908 zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu. An lalata shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a kuma farfaɗo da wannan ɓangaren ba. Tsohuwar tasharsa da ke unguwar Ambariyya a Madina gidan tarihi ce yanzu, kowa na wuce ta. Mai son zuwa Al-Ula daga Madina sai dai mota, tafiyar sama da kilomita 300.

To bidiyon fa? Nan ne wayon yake, domin an ɗora ƙaryar a kan abu na gaskiya. A Janairun 2024 kamfanin jiragen ƙasa na Saudiyya, SAR, ya ƙulla yarjejeniya ta riyal miliyan 200 da kamfanin Arsenale na Italiya don kawo jirgin shaƙatawa mai suna Dream of the Desert, daga baya aka sanar da ƙarshen 2026 a matsayin lokacin fara aikinsa. Taragu 14 ne, da ɗakunan kwana talatin da 'yan kai, da wurin cin abinci. Hotunansa sun cika intanet, kowa na iya ɗauka ya liƙa lambar wayarsa. Amma hanyarsa layin arewa ce, wanda ya tashi daga Riyad ya bi ta Ƙasim da Ha'il da Jauf zuwa Ƙurayyat kusa da iyakar Jodan. Bai haɗu da Madina ba, bai haɗu da Jidda ba. Kuɗin ɗaki ɗaya kuwa maganar dubun-dubatar riyal ake yi. Duk wanda ya ce zai sa ka a ciki da riyal 900, ka san inda ya dosa.

Wasu sun tambaye ni ko irin wannan tafiya ta cancanci kuɗinta ma in ta gaske ce. Mai hali da ya ga dama, kuɗinsa ne. Amma wanda ya yi shekaru yana tari don ya ziyarci Ɗakin Allah, ban ga dalilin da zai zuba guzurinsa a kan abincin dare ɗaya ba. In jin daɗin jirgi ake so, ga Haramain nan tun 2018, kilomita 450 tsakanin Madina da Makka, yana gudun da ya kai kilomita 300 a sa'a, cikin sa'a biyu da ɗoriya an isa. Kujerar manya ta fi faɗi, kuma ga tsohuwa mai ciwon gwiwa ƙarin kuɗin bai faɗi banza ba. Don abinci kaɗai kam bai kai ba, a sauka a ci mandi ko bukari a gari ya fi ƙosarwa. Tikitinsa a manhajar jirgin ko shafinsa ko tagar tasha ake saya, ba a hannun wani a WhatsApp ba.

Akwai zagaye na biyu, kuma ya fi na farko haɗari. Bayan kwana uku wata lamba ta kira ni, wai daga ofishin kamfanin, suna ba da haƙuri, za su mayar da kuɗi, in karanto musu lambar sirrin da za ta shigo wayata, in kuma amsa saƙon Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum. Na kashe wayar. Da na ba su, da abin da ya rage a asusun ma ya tafi. Ba banki ko kamfani na gaskiya da zai nemi wannan lambar a waya.

Wanda abin ya riga ya shafa, ya fara kiran bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara ta Kulluna Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaro, da hoton rasiɗin tura kuɗi da saƙonnin. Ma'aikatar yawon buɗe ido na amsa kira a 930, a nan za a tabbatar ko mai shirya tafiya yana da lasisi. Ta kasuwanci kuma 1900. Dokar damfara ta ƙasar nan ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 7 da tarar da ta kai riyal miliyan 5. Na san da yawa cikinmu na tsoron zuwa gaban hukuma saboda matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, baƙi 'yan Umara kuma kwanakinsu ƙidayayyu ne. Mutumin nan ya san haka sarai, shi ya sa yake farautar mu. Ni takarduna lafiya lau, na kai ƙara, kuma duk wanda ya faɗa hannunsa ya ajiye shaidarsa kada ya goge.

Gwaggo da ƙawayenta na saya musu tikitin Haramain suka wuce Makka, sun koma gida lafiya. Jiya wani abokina a Jidda ya turo min bidiyon nan dai, da muryar nan dai, sai dai lambar waya sabuwa ce. Yanzu wai jirgin daga Jidda zai tashi zuwa Abha. Can ma babu layin dogo.